Gyaran mazaunin bawul da tsofaffin injinan wasa ƙarfe

Makanikan Damagaram da suka tattauna kan tsofaffin injinan wasa mazaunin bawul (wato gurbin da bawul ke zama idan ya rufe a injin mota), irin su Sioux da Black & Decker, sun yarda cewa har yanzu suna aiki mai kyau a kan injin Peugeot 504 ko Hilux, muddin an kula da su. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara duba bututun da ƙafar bawul ke bi, domin idan ya ci, sandar da ke riƙe dutsen da ke wasa mazaunin za ta karkace, mazaunin kuma ya fito a karkace komai ƙwarewar hannu.

An daɗe ana magana a kan dutsen kansa. Dole a daidaita fuskarsa da tsinken lu'ulu'u kafin kowane aiki, a taɓa mazaunin na ɗan lokaci a ɗaga, ba tare da dannawa ba, saboda cin ƙarfe da yawa yana nutsar da bawul. Yawancin mazaunai digiri 45 ne, sannan a rage faɗinsu da duwatsun digiri 30 da 60 zuwa wajen milimita 1.5 a na shigar iska, na hayaƙi kuwa ya ɗan fi faɗi.

Wani dattijo ya tunatar cewa da yawan injinan nan na Amurka wutar bolt 110 suke sha, alhali ta NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, 220 ce, don haka sai da taransifoma. A ganina gwajin da ya ba da don gane ko bawul ya zauna daidai ya fi kowane sauƙi: a kife kan injin motar, a zuba fetur a kan bawul ɗin da ke rufe, a duba ko zai tsiyaye.