Gidajen kallon kifaye a Dubai: waɗanda suka shiga su ba mu labari

Maman 'yan biyu, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda wata mai kamawa zan shiga Dubai saro kaya, wannan karon da Hajiyarmu da yara. Ni dai daga kasuwar Dera sai masauki, ban taɓa leƙa wuraren kifin nan ba. Hajiya kuma ƙafa ta matsa mata. Don Allah wanda ya je ya faɗa mini abin da idonsa ya gani, da wanda ya fi dacewa da tsohuwa da yara.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da na cikin babbar kasuwar zamani ta Dubai Mall, wanda aka buɗe a 2008. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, babban tankin daga cikin kasuwar ake hango shi, ko sisi ba za ki biya ba. Gilashin gabansa ya kusa mita 33 a faɗi, tsayinsa ya haura mita 8, ruwan da ke bayansa lita miliyan 10 ne. Kuɗi sai in za a shiga hanyar da ta ratsa ƙarƙashin ruwan da gidan dabbobin da ke sama. Daga Dera ki hau jirgin ƙasa a tashar Union, jan layi, ki sauka a tashar Burj Khalifa. Amma daga tashar zuwa cikin kasuwar tafiya ce mai nisa ta kan gada, duk da akwai sanyi da bel mai jan mutum. Tunda da Hajiyarku ne, ku ɗauki tasi ta kai ku bakin ƙofa, kuna shiga ki tambayi teburin karɓar baƙi keken guragu.

Jikan Sarkin Ruwa, Yawuri: Yaya, kar ki tsaya a kallon waje. Ki biya ki shiga da su. Ni a bakin Kwara na tashi, tun ina yaro nake warware koma, na ɗauka babu abin da kifi zai nuna mini. Da na shiga hanyar nan mai tsawon mita 48, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a bisa kai, sai na kasa ɗaga ƙafa. Kifin shak ya zo ya wuce ta saman kaina a hankali, baki a ɗan buɗe, haƙora sun fito waje a karkace, ko kallona bai yi ba. Mu kifi a hannu muka san shi, yana fisge-fisge a cikin jirgi. Ban taɓa ganin cikinsa daga ƙasa yana tafiyarsa hankali kwance ba sai ranar.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce kunamar ruwa. Masuntanmu sun san 'yar ƙaramarta ta kogi, suna tsoron ƙarin da ke wutsiyarta. Ta can faɗinta kamar tabarma, in ta manne da gilashi sai ki ga farin cikinta da bakinta da ramukan numfashinta suna buɗewa suna rufewa. Wani dattijo Ba'indiye da ke kusa da ni yana ta tasbihi, ni ma na kama. Ana haka sai ga mai ninƙaya da tukunyar iska a baya yana goge gilashin daga ciki, kifaye na kewaya shi, babu wanda ya taɓa shi. Wallahi Hajiya za ta ji daɗi, a tura ta a hankali kawai.

Ɗan Kwari: Malam ka manta da kadan da ke gidan dabbobin sama. Daga Ostareliya aka kawo shi, tsawonsa ya fi mita 5, nauyinsa wajen kilo 750. Yarona cewa ya yi gunki ne, sai da ya motsa ido.

Malama Uwani ta Zariya: 'Yar'uwa, ni shawarata daban ce. Na je na Dubai Mall ranar Asabar da yamma, kuma tun 2022 Asabar da Lahadi ne hutunsu, kowa ya fito da iyalinsa. Yara ba su ga komai sosai ba sai bayan mutane. In can za ki, ki je da safe a ranar aiki.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne na Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, a unguwar Al Khan, ba nisa daga Dera in babu cunkoso. Ƙarami ne, kuɗinsa da sauƙi, kuma yawancin kifayen na tekun ƙasar ne, har da hamur ɗin da ake sayarwa a kasuwar kifi. Yara sun tsaya a gaban tanki ɗaya sun daɗe suna neman wani kifi da ya saje da dutse. A gefensa akwai gidan tarihin jiragen ruwa, inda aka ajiye jiragen katako da kayan masu nutso neman lu'ulu'u, sana'ar da mutanen wurin suka rayu a kanta kafin fetur. Mahaifina ya fi daɗewa a nan. Roƙona ɗaya, ki karɓe wayoyin yaran na ɗan lokaci. Na ga iyaye sun biya kuɗi masu yawa, sun ratsa wurin duka ta cikin waya, sun fita.

Abban Sadik, Damagaram: Na otal ɗin Atlantis da ke tsibirin Palm muka je. An yi shi da duhu-duhu, kamar rusasshen birni a ƙarƙashin teku, babban tankinsa lita miliyan 11. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai daga Dera da nisa, kuma ya fi tsada. 'Yata ƙarama ta tsorata da duhun da farko, sai da na saɓa ta. Ni kuma ban ɓoye muku ba, na fito da nauyi a zuciya. Dabbar da Allah ya ba teku guda, ga ta tana kai da komo tsakanin bango huɗu.

Jikan Sarkin Ruwa, Yawuri: Gaskiyarka Alhaji, ni ma na ji haka a gaban kadan. Amma ɗan da ya ga kunamar ruwa ido da ido, da wuya ya girma yana zuba guba a kogi don kama kifi, kuma mun ga ɓarnar da hakan ke yi a wajenmu.

Maman 'yan biyu, Kano: Allah ya saka da alheri. Wurin salla fa, da abinci?

Malama Uwani ta Zariya: Akwai ɗakunan salla na maza da na mata a cikin Dubai Mall, da wurin alwala, abinci kuma har sai kin zaɓa. Ki riƙo wa Hajiya mayafi mai kauri da safa, sanyin na'ura a ciki yana da ƙarfi. In za ku ɗauki hoto a gaban tanki a kashe fitilar waya, kuma ki ja wa 'yan biyu kunne kar su riƙa buga gilashin.