Gidan ruhubanawan Ɗuri Sina: na 'yan kallo ne ko na masu ibada?

Bashir: Jama'a ku raba mu gardama da ƙanena da ke karatu a Azhar. Sun je Santa Katarina, gidan ruhubanawan Kirista da ke gindin dutsen Annabi Musa a Sina'i, sun isa bayan azahar sun tarar an rufe ƙofa. Wai da safe kawai ake buɗewa, Juma'a da Lahadi ma ba shiga. Shi bai ga laifinsu ba. Ni kuwa na ce wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 2002 ai na kowa ne, a bar shi a buɗe.

Hajiya Rabi: Haba Bashir. Gidan Makama kana biya ka shiga ka zaga, amma je ka Gidan Rumfa ka ce sai ka leƙa ko'ina don tsohon gini ne, dogarai za su ba ka amsa. Ruhubanawan nan a ciki suke kwana, a ciki suke ibada tun zamanin Sarkin Rum Justiniyan, ƙarni na 6.

Bashir: Hajiya, ai kuɗin baƙin nan suna shigar musu.

Hajiya Rabi: Sai su sayar da lokacin addu'arsu?

Auwal: Ni tambayata daban ce. Me ya kai ɗalibin Azhar can tun farko?

Malam Sani: Auwal, akwai masallaci a cikin ganuwar, da hasumiyarsa kusa da hasumiyar ƙararrawar coci, tun zamanin Fatimawa. Makiyayan Jabaliyya, Musulmi ne, kaka da kakanni su ke yi wa gidan hidima. Sannan ruhubanawan na riƙe da kwafin wata takardar aminci da suke jingina wa Annabi (SAW), suna cewa Sarkin Usmaniyya Salim na ɗaya ya tafi da ta asali Istambul a 1517. Masana tarihi dai ba su haɗu a kan ingancinta ba.

Bashir: To Malam, ɗakin littattafan fa? Dubban rubuce-rubucen hannu, har da na Larabci masu yawa, amma baƙo sai ya hango ƙofa.

Malam Sani: Nan kam ina tare da kai rabi. Sai dai fatar da aka yi rubutun a kai, wadda ta haura shekara dubu, ba ta jure hannun kowa, shi ya sa ake ɗaukar hotunansu ana sawa a intanet.

Auwal: Ni har yanzu sai na tambayi malamaina a Ƙofar Mata.

Hajiya Rabi: Tambaya. Kai kuma Bashir, ce wa yaron gobe ya yi sammako.