Farin gishiri a kan kunya: gyaɗa ko waken suya?

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Fadamata ta bayan Rigachikun ta fara fitar da wani fari-fari a kan kunya, kamar an barbaɗa kanwa. Na ɗanɗana na ji gishiri-gishiri. Shekara uku ke nan ina ban ruwa da burtsatse. Bana ina so in huta da tumatir in sa abin da ake matse mai daga gare shi. Gyaɗa, waken suya ko riɗi, wanne zai jure?

Na Kawo: Wa alaikumus salam. Har ƙasa ka lasa, Malam? Allah ya sawwaƙe.

Alhaji Mai Injin: Baban Khadija, don Allah kar ka sa gyaɗa. Jiki magayi. Bara waccan na yi gyaɗar rani a wani fili irin naka. Tun daga tsiro na ga alama, rabin ramukan shiru. Waɗanda suka fito suka tsaya cak, bakin ganye ya ƙone kamar an gifta da wuta, da rana kuma su yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Na ce yunwa ce, na ƙaro buhu biyu na yuriya. Ashe garin neman ƙiba zan samo rama. Sati bai zagayo ba gonar ta ƙara lalacewa. Wani mai shagon magani ya rantse min yana da maganin gishiri, ya sayar min da galan biyu, na fesa, ko gezau. Da na koma sai ya ce ai ban fesa da asuba ba. Ranar cira na tumɓuke gindi na duba, 'yan ƙullutun nan na saiwa babu su, kwanson kuma duk fanko. Abin da na kwashe bai biya kuɗin man injin ba.

Hajiya Mai Ƙuli: Wayyo. Shi ya sa shekarar ba ka kawo min ko tiya ba.

Alhaji Mai Injin: Hajiya, ki bar tuna min.

Ɗan Samaru: Baba Alhaji, abin da ka gani haka yake a karatu ma. Gishiri illa biyu yake yi wa shuka. Da farko yakan riƙe ruwa a ƙasa, saiwa ta kasa tsotsa, shi ne yaushin da ka gani cikin danshi. Taki ma dangin gishiri ne, da ka ƙara sai ka ƙara mata ƙishi. Bayan kwanaki sai sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin, ya taru a tsofaffin ganye, ya ture wani sinadarin, fotashiyam, wanda shi ne ƙwayoyin halittar ganye ke aiki da shi. Ƙunar bakin ganye ke nan. Ƙullutun saiwa kuwa gidan ƙwayoyin da ke samar wa gyaɗa takinta daga iska ne, su ma ba sa shiri da gishiri.

Na Kawo: To farfesa ya iso, kowa ya ɗauko biro.

Ɗan Samaru: Ba farfesa ba tukuna, Oga. Amma shuka ba ta zama a yi ta dukanta. A fatar ƙwayoyin saiwa akwai wani furotin, SOS1, aikinsa fatali da sodiyam waje kamar mai kwalfe kwale-kwale. Ba ya tashi sai sinadarin kalsiyam ya buga ƙararrawa, wani furotin, SOS3, ya ji, ya tada ɗan'uwansa SOS2, shi kuma ya kunna SOS1. Sodiyam ɗin da ya kuɓuce ya bi hanyar ruwa zai hau sama, akwai wani furotin, HKT1, da ke tare shi ya sauke shi kafin ya kai ganye. Wanda ya kai, a tura shi cikin wani rumbu da ke tsakiyar ƙwayar halittar ganye a kulle. Sai ƙwayar ta haɗa sukari da wani sinadari, furolin, don ta riƙe ruwanta. Duk wannan aiki da ƙarfin da za a yi 'ya'ya ake biyansa, shi ya sa ko shukar ta rayu awo ke raguwa.

Na Kawo: Ashe shuka ma na kiran SOS. Mu da muke jin sai a hanyar Birnin Gwari.

Admin: Na Kawo, a kiyaye.

Maman Sadik: Ni dai kakata toka take zubawa, a gwada toka.

Ɗan Samaru: Mama, a yi haƙuri, toka a ƙasar kanwa ƙari ne. In kanwa ce ta sa ƙasa ta yi tauri ruwa ba ya shiga, jifsam ake sawa, wani farin garin dutse, kalsiyam ɗinsa ya kori sodiyam, sannan a wanke da ruwa mai kyau. Amma sai da magudana, in ba haka ba gishirin na nan zaune.

Malam Na Kujama: Waken suya kawai. Kasuwarsa ma ta fi, masu kaji na jira.

Ɗan Samaru: Lissafi na tare da Malam. A ma'aunin gishirin ƙasa, daga 4 ake kiranta mai gishiri. Gyaɗa na fara asara daga 3.2, waken suya sai 5, auduga har 7.7. Riɗi ma rago ne a nan. Kuma waken suya iri-iri ne: a 2014 masana suka gano wata ƙwayar gado, GmSALT3, irin da tasa ke aiki yakan hana gishiri hawa ganye, wanda tasa ta lalace kuwa ya ƙone. Tun 2001 ma an sa wa kanola, wata shukar mai, ƙwayar gadon da ke tura sodiyam cikin rumbun nan, NHX1, ta yi 'ya'ya da ruwa mai gishiri kusan giram 12 a lita.

Malam Na Kujama: A'a, tsaya. Wannan ba shi ne irin bature da ake sarrafawa ba? Ni ba ruwana da shi.

Ɗan Samaru: Ta kanola ce aka sa mata da hannu, Malam. Ta waken suya tasa ce, Allah ya halitta shi da ita.

Malam Na Kujama: Haka kuke cewa kullum.

Hajiya Mai Ƙuli: Ku dai ku yi ta waken suyanku. Wa ya taɓa soya ƙosai da mansa ya ji ƙamshi? Man gyaɗa daban ne.

Na Kawo: Hajiya kasuwarta take karewa.

Hajiya Mai Ƙuli: Eh ɗin. Kai da ke cin ƙuli bashi, biya ni na watan jiya tukuna.

Alhaji Mai Injin: Ni fa ban yarda da waken suyan rani ba. Baban Khadija ya bari damina ta wanke filin. Ruwan saman Kaduna ai ba wasa ba ne, nawa da kansa ya gyaru bayan na haƙa lambatu.

Ɗan Samaru: Wannan ma magana ce, Baba. Amma in ruwan burtsatsen ne ke kawo gishirin, rani na dawowa zai dawo. Ya ɗebi ƙasa da ruwan a gora ya kawo cibiyar binciken noma ta Samaru a auna, zan raka shi.

Mai Mota: Salam. Akwai mai buƙatar mota zuwa Saminaka gobe? Zan koma ba kaya.

Baban Khadija: Na gode jama'a, sai yanzu na samu caji. To jifsam ɗin a ina ake samu, kuma buhu nawa?

Na Kawo: Mai Mota, ajiye min wuri, ina da buhu shida.