Man da ya maƙale a tsofaffin rijiyoyi

Injiniya Bashir: Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Kullum ana kukan rijiyoyin mai sun ƙafe, alhali kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen man yakan maƙale a ƙofofin dutse ko bayan an tura ruwa cikin rijiya don ya koro shi. Masu binciken yadda za a ciro ragowar nan ba mai waiwayarsu. Tun 1972 ake ɗura iskar kabon a filin mai na SACROC a Teksas, ta narke cikin mai, ta tsinka shi ya gudana. Hanya ce mai tsabta.

Malama Rabi: Mai tsabta? A ciro mai a ƙona, ka kira shi tsabta?

Injiniya Bashir: Malama, iskar fa tana zama a ƙasa. A Weyburn na Kanada, tun shekarar 2000 hayaƙin masana'anta ake ɗurawa.

Malama Rabi: Weyburn kuke kawowa kullum. Yawancin kabon da ake turawa a Teksas daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, a Kolorado da New Mexico. An tono abin da Allah ya binne an sāke binnewa. Wane hayaƙi aka rage?

Sadiq: Yaya Bashir bai ce tsabta ɗari bisa ɗari ba. Tsohuwar rijiya ai ta fi a share sabon daji.

Malama Rabi: "Mai tsabta" ya rubuta, duba sama.

Alhaji Garba: Ke da ba ki taɓa taka filin mai ba, ina ruwanki?

Dakta Hauwa: Alhaji, a ji tsoron Allah. Sai mutum ya sa hular kwano kafin ya yi magana a kan iskar da yake shaƙa?

Alhaji Garba: Dakta, ba da ke nake ba.

Sadiq: Ba wanda ya taɓo Daqing na ƙasar Sin, inda ake kaurara ruwa da sinadarin polima don ya share man sosai.

Dakta Hauwa: Sai Alhaji ya janye maganarsa tukuna.

Alhaji Garba: A matsayina na shugaban zaure, ga abin da aka cimma: Injiniya ya kawo hujja da shekara da sunan wuri, masu adawa ba su iya musanta cewa man yana nan a ƙasa ba. An rufe.