Ɓera ba mutum ba ne, don me ake gwada magani a kansa?

Kawu: Ni fa har yau ban gamsu ba. A ɗura wa ɓera magani, in ya warke a ce zai yi wa mutum aiki. Me ya haɗa kifi da kaska?

Dokta: Kawu, allurar insulin ta ciwon suga da kuke yi kowace safiya, a kan karnuka aka fara gwada ta a birnin Toronto na Kanada, 1921. Da shekara ta zagayo aka yi wa wani yaro, ya miƙe.

Kawu: Ka zaɓo mai daɗin. Thalidomide fa? Daga 1957 ake ba mata masu ciki saboda laulayi, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu ko ƙafa. Da aka ba ɓeraye masu ciki, 'ya'yansu ba su fito da nakasar ba.

Dokta: Haka ne. Amma da aka gwada a zomaye, ta fito.

Kawu: Ka ji! Ashe canki-canka kuke yi.

Malama: Ku ba ni dama. Wannan rigimar malaman fiƙihu sun sha ta tuntuni a babin ƙiyasi, wato ba sabon abu hukuncin wanda ya yi kama da shi. Ba kowace kama ce ke ɗaukar hukunci ba, sai an gano illa, wato ainihin dalilin hukuncin. Zoɓo ja ne, wata giyar ma ja ce, akwai wanda ya haramta zoɓo? Maye ake dubawa, ba launi ba.

Dokta: Malama kin ɗauke min nauyi. A 1907 wasu likitoci biyu a Norway suka ciyar da ɓeran masar hatsi zalla, sai ga shi da ciwon nan na matuƙan jirgin ruwa, mai sa dasashi zubar jini. Ɓeran gida ba ya yin sa, domin jikinsa na haɗa bitamin C da kansa. Ɓeran masar kuwa, kamar mu, sai ya ci a abinci. A ido duk ɓeraye ne.

Kawu: To, su likitocin sun san da wannan illar kafin su ɗauko dabbar?

Dokta: Gaskiya a'a. Dace suka yi, lokacin ba a ma san bitamin ɗin ba.

Kawu: Yauwa, nan nake jiranka. Malamin fiƙihu yana da nassi a hannu kafin ya yi ƙiyasi. Ku kuwa sai bayan ta faru kuke sanin wace kamar ce ta gaskiya.

Dokta: Shi ya sa bayan dabba ake gwadawa a mutane kaɗan tukuna.

Kawu: Kar dai a fara da ni.