Podcast da Hausa: ni dai na tsaya kan "shirin aljihu"

Salamu alaikum 'yan uwa, na nan Maradi da na can ƙetaren Jibiya. Kalma guda nike nema kuma ina son mu tsaida magana kanta, wato podcast. Mi za mu kira shi da Hausa? Na riga na yi wagga tambaya kuma kun turo shawarwari, zan bi su a ƙasa. Akwai aikin da ke jiran wanga suna, zan zo kanshi.

Ga wanda bai san abun ba tukuna, shiri ne na murya da mutum guda ko abokai biyu uku ke ɗauka su ɗora a intanet kashi-kashi, wani duk mako wani duk wata, kai kuma sau guda za ka danna bi a wayarka, duk sanda sabo ya fito sai ya zo maka, ka sauke in kana da mega ka saurara lokacin da ka ga dama, kana shago, kana bayan kabu-kabu, kana jiran shayi na biyu a fada. Ba jiran ƙarfe kaza, ba sai mutum na da gidan rediyo da eriya ba, waya da ɗaki mara hayaniya sun isa.

Ita kanta kalmar ba tsohuwa ba ce. A 2004 wani ɗan jarida Ben Hammersley ya rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila, ya haɗa sunan iPod, ƙaramar na'urar sauraren kiɗa ta kamfanin Apple, da kalmar Inglishi ta watsa shiri. A 2005 Apple ya sa abun cikin iTunes, manhajarshi ta sauraren kiɗa, sai ya bazu. To iPod ɗin ma an daina yin ta tun 2022, kenan rabin kalmar sunan wata na'ura ce da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba. Mutanen Kebek a Kanada masu Faransanci ba su yarda sun ɗauka haka nan ba, sunka ƙirƙiro baladodiffusion daga baladeur, ɗan rediyon kaset da ake ratayawa ana yawo, bakin mutane ya gajarta shi ya koma balado, kuma suna faɗinshi har yau. A Faransa kuwa podcast ɗin suke cewa abunsu. Mu ma muna da zaɓi kenan.

Abun da ya sa maganar ta dame ni shi ne wasannin zaune. Ni mai son dara ne tun ina yaro, daga nan na faɗa sauraren shirye-shiryen da Turawa ke yi kan nasu wasannin, kuma wallahi abun ya ba ni mamaki ya kuma ba ni kishi. Akwai The Dice Tower na Tom Vasel a Amurka da ke tafiya tun 2005, sabbin wasanni suke dubawa su ce wanne ya cancanci kuɗinka. Akwai Ludology, shi ne na fi so, don ba talla suke ba, tambaya suke mi ya sa wasa ke daɗi, ina sa'a ta tsaya ina dabara ta fara, mi ke sa wanda anka cinye ya ce a sake. Masu son eshek, wanda 'yan Najeriya ke ce ma ces, akwai Perpetual Chess inda Ben Johnson ke hira da gwanaye da masu koyarwa, awa guda ko fiye ana magana kan yadda mutum ke ƙara ƙwarewa ko da ya manyanta. Waɗannan duk da Inglishi ne, wanda ya yi lakwal a nan sai ya nemi Proxi-Jeux da Faransanci. A cikinsu na ji labarin wasan Catan da Klaus Teuber ya fitar a Jamus a 1995, da kasuwar wasanni da ake ci duk shekara a garin Essen, mutane su taso daga ƙasashe don kawai su zauna su yi wasa a tebur.

To ku dubi tamu darar. Gurbi 30, layi 5 na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da tsakuwa. Da farko ana zubawa ɗaya bayan ɗaya kuma ba a yarda ka jera uku lokacin zubi, sai an gama sannan a fara tafiya gurbi guda, gaba ko baya ko gefe, ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka, in sunka zama huɗu a layi ba ci. Dokar ba ta da yawa amma wanda ya zauna kusa da tsofaffi ya san tun a zubi ake cin wasa, akwai dattijon da zai kalli hannu shida na farko ya ce ma wane ya faɗi, kuma haka za ta kasance. Wannan sanin yana kan mutane ne kawai, ga samari sun koma lido a waya da belot. Har karin magana dara ta ba mu, muna cewa dara ta ci gida, yaro na faɗi bai taɓa tona gurbi a ƙasa ba. Ina son mu zauna da waɗannan dattawa mu ɗauki muryarsu, yadda suke shirya zubi, sunayen da suke ba tarkuna, gwanayen da sunka gani a zamaninsu. In na durƙusa gaban dattijo na ce Baba mun zo mu yi podcast da ku, mi na faɗa mishi? Shi ya sa gwajina guda ne, kalmar da dattijo zai ji ya gane rabin zancen kafin in yi bayani.

Na gode da shawarwarin da kunka turo, bari in bi su, wanda na tsallake ya yi haƙuri.

Ƙanena da ya ce mu rubuta fodkas kawai mu huta kamar yadda munka yi da rediyo da kwamfuta da mota, maganarka tana da ƙarfi, kuma na san ko mi munka yanke a nan samari za su ci gaba da faɗin haka tsakaninsu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma ai tana nan a labarai amma a kasuwa kwamfuta ko ordinater ake cewa. Sai dai rediyo da mota abubuwa ne da ake gani, ka nuna da yatsa ka ce ga shi, suna ya manne. Wanga kuwa ba a ganinshi, sunan ne kaɗai zai yi bayani, kuma d da k a jere ba su zauna a bakinmu ba, wani zai ce fodikas wani fotkas wani podkast, ko wajen nema a waya sai mun rarrabu.

Rediyon intanet, wanda mutane da yawa sunka kawo, na ƙi shi don yana da mai shi. In ka kama tasha kai tsaye ta waya wannan shi ne rediyon intanet, in ka makara labari ya wuce ka. Namu kuwa ajiye yake yana jiranka.

Malam daga Katsina, Allah ya ƙara basira, kun kawo faifan murya kuma na daɗe ina juya shi, don faifai kalma ce da ta yi tafiya mai kyau, daga na rufe ƙwarya zuwa na garmaho har ga faifan bidiyo yau, irin tafiyar da jirgi ya yi daga ruwa zuwa ƙasa zuwa sama. Inda na tsaya Malam, faifan murya ya riga ya zama duk wata murya da anka ɗauka, vokal ɗin WhatsApp ma da ta fita ta yaɗu sai ka ji an ce wani faifan murya na yawo. Ba ya nuna cewa abu ne mai suna, mai masu gabatarwa, mai fitowa a kai a kai. Taskar murya kuma ta fi dacewa da wurin da ake tara su, kamar Spotify, ba shirin kanshi ba.

Hajiya da ta ce fadar kunne, wallahi ya yi mini daɗi ƙwarai, don mu nan fada ita ce inda ake shayi ana gardama har dare, kuma yawancin waɗannan shirye-shirye haka suke. Amma ɗan Kano ko Zariya in ya ji fada, ta sarki zai fara tunawa. Ki riƙe shi Hajiya, sunan shiri ne mai kyau in kin buɗe naki.

Ni inda na tsaya shi ne shirin aljihu. Shiri kowa ya san shi daga rediyo, ya san yana da suna da mai gabatarwa kuma yana dawowa, an gama da wannan ɓangaren ba tare da bayani ba. Aljihu kuma ya ɗauki sauran, abu ne da ke tare da kai, ka fiddo lokacin da kake so ka maida, ba wanda ya tsara maka lokaci. Ku gwada shi a jimla ku ji: na saurari wani shirin aljihu kan kiwon tattabara, tana da shirin aljihu na girki, masu shirye-shiryen aljihu sun yi yawa bana. Bai yi tsawo ba, yana da jam'i, ba baƙon harafi. Wani yaya ya ce za a ɗauka shirin tattalin kuɗi ne tunda aljihu na nufin kuɗi, gaskiya ne ana iya ji haka karon farko, amma kuɗin aljihu da ƙamus na aljihu duk suna zaune lafiya ba a rikita su, jimla ce ke warwarewa. Kowane guda da ya fito mu ce mishi fitowa, fitowa ta 1, fitowa ta 2, kamar na jarida, in anka tara na shekara ko na batu guda mu ce zango. Danna bi kuma mu bar shi bi, ina bin shirin wane.

Kuma ba dara kaɗai ke jira ba. Kokowa ana ta a rediyo da talabijin lokacin gasar takobi ta ƙasar Nijar, da an miƙa takobi sai shiru, alhali tun 1975 da Kantu na Maradi ya ɗauki na farko a Tawa akwai labarin da zai cika zango goma. Masu jar akuya ta Maradi suna da ilimin da makiyayan wasu ƙasashe ke nema, masu tattabara in sunka fara zancen launi da tashi ba ka iya tashi ka bar su. Ga masu Scrabble, wasan haɗa kalmomi, ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ci kofin duniya na Inglishi a 2015, ɗan Afirka na farko, a nan ma akwai masu buga na Faransanci da gaske.

Daga yau shirin aljihu zan riƙa rubutawa, fitowa ta 1 kuma kan zubin dara ce. Wanda ya san dattijon da ya gwanance a Bagalam ko Mokoyo ko Tibiri ya nemi izininshi tukuna sannan ya yi mini magana ta akwati, kar a sa sunan kowa a fili. Masu ƙaramin mega kuma za mu yi shi mara nauyi yadda zai wuce ta WhatsApp ko a zuba a memori.