Musayar Baiti Kan Tu Youyou, Mai Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum. Yau amsa-amonmu "ro" ne, wanda ya maimaita kalmar wani a ci shi tara. Batunmu Tu Youyou, masaniyar harhaɗa magunguna ta ƙasar Sin.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai saukar da cuta, mai warkarwa,
Zan waƙe mace mai jajircewa,
Da ta tari zazzaɓin cizon sauro.

A 1930 Ningbo ta haifo ta,
Tarin fuka ya taɓa kwantar da ita,
Ta tashi ta je Beijin karatunta,
Kan magunguna ta samu horo.

Yaƙin Biyetnam na ta ruruwa,
Soja a daji na ta faɗuwa,
Kulorokwin ya daina kamawa,
Zazzaɓi ya fi harsashi ban tsoro.

A 1967 Sin ta yi shiri,
523 sunansa, aikin asiri,
Bayan shekara biyu, cikin sauri,
Tu ta ja rukuni ƙarƙashin tsaro.

Jikan Mai Magani:
Yaya, tsaya nan, kar ka cinye mini wurin da ya fi maiƙo.

Da boko ya gaji ya rasa dabara,
Sai ga shi gun tsofaffi yana bara,
Ge Hong, mai maganin Sin na ƙarni na 4, ya yi ishara,
Ilmin kakanni ta je ta aro.

Ganyen qinghao, dangin tazargade,
Cikin hannu guda, a ruwa a jiƙe,
A matse shi tsaf, ruwan a shanye,
To me ya rage da Tu za ta ƙaro?

Gwaggo Mai Allura:
Ɗana, baitinka ya yi daɗi, amma ka tauye mudu.

Haɗin gargajiya sama da 2,000 ta tara,
Ta zauna ta tace, ta zaɓa ta tsara,
Ɓeraye suka sha, gwaji ya fara,
Kusan dukkansu a hanya aka baro.

Qinghaon ma da fari ya ba ta kunya,
Yau ya yi aiki, gobe ya ƙiya,
Tafasa shi suke a cikin tukunya,
Zafin na kashe abin da za a ciro.

Ge Hong bai ce a ɗora wuta ba,
Wasu sun karanta ba su lura ba,
Ita ta tsaya nan, ba ta wuce ba,
Da sinadarin eta ta tatso ta zaro.

(Eta yana tafasa ne a digiri 35, bai ma kai zafin jikin mutum ba. Sinadarin da aka tace daga ganyen shi ne atimisinin.)

A 1971 aka kai ga gaci,
Samfur na 191 ya nuna inganci,
A jinin ɓera da biri, babu sassauci,
Kaf ya share zuriyar ƙwaro.

Jikan Mai Magani:
Na ji, Gwaggo, ban musa ba,
Amma da tsoho bai rubuta ba,
Da ganyen nan ba a dube shi ba,
Daga ina jikar za ta faro?

Ɗalibin Likita:
Iyayena, ku ba ƙarami hanya. Ga abin da ya tsaya mini a rai:

A 1972 ta sha shi da kanta,
Ta kwanta asibiti ana duba ta,
'Ya'ya biyu ta bari saboda aikinta,
Wallahi da ni ne, da na ji tsoro.

A 1977 takarda ta fito ba suna,
Zamanin ba mai cewa "aikina",
Sai 2011 Lasker ta tuna,
A 2015 Nobel ta ɗoro.

Lasker kyautar binciken likitanci ce ta Amurka. Kuma fa Tu ba ta da digirin dakta, ba ta da na likita, ba ta yi bincike a ƙasar waje ba.

Mai Alƙalami:
Ƙanena, "tsoro" nawa ne tun baiti na uku. Tara ta hau ka.

Malam Tsinke:
Masana sun fi 500 a aikin nan,
Wasu sun tace ganyen a Yunnan,
Wasu sun yi jinya a Hainan,
Kyauta ta ɗau ɗaya, ina sauran taro?

Gwaggo Mai Allura:
Malam, ai ita ma ranar karɓa ba ta ɓoye cewa aikin gayya ba ne.

Ni damuwata ba kyautar ba ce,
A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce,
Shan atimisinin kaɗai hanya ce a kauce,
A yi masa aboki, kar ya zauna gwauro.

A Kambodiya ƙwayar cutar ta fara turjiya,
Ruwanda ma ta nuna ƙiriniya,
Jikokin aikin Tu suna kan hanya,
Suna bin sawunta ko za su gyaro.

Aikin dare gare ni, na tafi. Jikan Mai Magani, tambayarka ban amsa ba, ka ajiye mini ita zuwa safiya.